Daga Ƙofar Fada zuwa Ofishin Magajin Gari: Tarihin Izinin Gini a Tibati da Garwa

Duk lokacin da maganar takardar izinin gini ta taso a taronmu, ba a rasa mai cewa gidansa ne, da guminsa ya gina, don haka ba wanda zai tambaya. Tun da bikin cika shekara lokaci ne na waiwaye, bari mu duba ko iyayenmu fatake sun taɓa gini a ƙasar nan ba da sanin kowa ba.

Tun ƙarni na 19, bayan Haman Sambo ya kafa sarautar Tibati, ayarin Hausawa ke biyowa ta Yola da Banyo suna neman hauren giwa da goro. Baƙo yakan sauka wurin fatoma. In zama ya yi masa daɗi, sai Sarkin Hausawa ya kai shi fada, Lamido ko jauronsa ya nuna masa fili. Bayan ya gina ma ba a sake masa ba. A fiƙihun Malikiyya da alƙalai ke hukunci da shi, mutum ba ya buɗe tagar da za ta leƙa cikin gidan maƙwabci, ba ya juya indararo ya cutar da katangar wani, ba ya cin hanyar jama'a. Izini ne sosai, sai dai na baki ne, shaidunsa dattawan unguwa.

Takarda da Turawa ta zo. A 1896 Jamusawa suka yi dokar da ta mayar da duk ƙasar da suka ɗauka ba ta da mai ita ta zama ta gwamnatinsu. Suka ci Tibati a 1899, suka kafu a Garwa a 1901. Garwa ta fita hannunsu a 1915, Faransawa kuma suka kawo tsarin rajistar filaye a 1932. Mutanen unguwa dai suka ci gaba da zuwa fada.

Babban canji ya zo a Yulin 1974, zamanin Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa. Dokokin filaye na wannan shekara sun ce takardar mallaka ta gwamnati ita ce shaidar da hukuma ta sani, filin da ba shi da ita kuwa yana ƙarƙashin kulawar gwamnati. Sai dokar tsara birane ta 21 ga Afrilun 2004 ta ɗora izinin gini a hannun magajin gari. Ba sabon gini kaɗai ta shafa ba. Wanda zai canza amfanin tsohon gini, ko fuskarsa, ko girmansa, ko ya ɗora bene, shi ma sai da izini. Ga ƙananan gine-gine da na wucin gadi akwai wata takarda mai sauƙi.

A nan dokar ta taɓa mu, domin gidan ɗan kasuwa bai taɓa zama wurin kwana kawai ba. Zaure yakan koma shago, ɗakin baƙi ya koma sito. Ga shi da yawa cikinmu abin da muka gada takardar ciniki ce mai sa hannun jauro, alhali cikakken izinin gini yana neman shaidar mallaka. Sai mutum ya zuba jarin shekaru a bulo da siminti, wata safiya ya tashi ya ga jan fenti a katanga. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma ya kamata hukuma ta ji shi.

Amma wanda ya ga daminar 2012 ba zai ce a soke izini ba. Binuwai ya cika, aka buɗe ƙofofin madatsar Lagdo, ruwa ya ci gidaje da gonaki daga yankin Garwa har Yola. Ruwa ba ya ɓata hanya, kuma wanda ya toshe magudana da shagonsa gidan maƙwabci ya tura shi. Haka jarkokin fetur da ake jibgewa a ɗakin da aka ƙara a tsakar gida: in wuta ta tashi ba ta tambayar na wane ne.

Abin da tarihi ya nuna shi ne, tun zamanin fada, dalilin neman izini haƙƙin maƙwabci ne da hanya da ruwa. Yaɓen katanga bayan damina, ko sauya kwanon da ke yoyo, bai kamata ya kai mutum ofis ba. Bene, da sito, da ginin da ya matso titi ko bakin rafi, dole a duba su kafin a aza tubali.

Aikin da Sarkin Hausawa ya yi wa baƙo a da, shi ya rage wa ƙungiya yanzu. Ta naɗa mutum biyu ko uku da suka iya Faransanci su riƙa raka mambobi ofishin magajin gari, su tabbata kowane kuɗi da aka biya an ba da rasit, su kuma tattara masu neman takardar mallaka a shiga tare. Allah Ya albarkaci kasuwa, Ya kai mu baɗi lafiya.