Durbi da Sarautar Katsina

Ku 'yan makarantar Dayi, kun san Galadiman Katsina na Malumfashi. To, bari mu ba ku labarin abokin aikinsa, Durbi. A da Durbawa ke riƙe da Katsina, mulki da tsafi duk a hannunsu, kamar manyan firistocin Yahudawa a Urushalima, kafin Hirudus ya kama mulki a shekara ta 37 kafin haihuwar Annabi Isa. Mu nan, Muhammadu Korau ne ya kashe Sanau wurin kokawa, ya hau gado. Amma bai tumɓuke gidan Durbi ba, ga alama don talakawa na tsoron iskokin ƙasa. Sai Durbi ya shiga cikin masu zaɓen sarki, har yau. Kusheyin Durbawa na nan kusa da Mani, Palmer ya haƙa su a 1907.