Sabon Garin Zariya: Unguwar da Jirgin Ƙasa Ya Haifa, Gonaki Suka Rena



Duk wanda ya leƙa kasuwar kayan marmari ta Zuba, ko ya tsaya wajen masu tebur a Wuse, ya san inabi iri biyu ne. Akwai wanda ake kawowa daga waje cikin 'yar roba, akwai kuma na gida, wanda idan ka tambayi mai shi zai ce maka daga Kudan ya fito. Kudan ƙaramar hukuma ce a Jihar Kaduna, hedikwatarta Hunƙuyi, arewa da Zariya kaɗan. Motar da ta ɗauko wannan inabi zuwa Abuja takan ratsa Zariya ta wuce, ba ta da dalilin tsayawa a Sabon Gari. Shekara ɗari baya kuwa, kayan gonar ƙasar Zazzau da za a fitar ta jirgi sai sun kwana a wannan unguwa, an auna su, an biya, an ci abinci da kuɗinsu.

Da yawa daga cikinmu mazauna Abuja a can aka yanke mana cibiya, wasu kuma suna da gidan gado a can. Kusan duk zaman da za a yi sai ka ji wani ya ce dillali ya kira shi, an taya gidansu za a rushe a gina jerin shaguna. Kafin mutum ya sa hannu a takarda, ya kamata ya san tarihin abin da zai sayar.

Kafin a yi Sabon Gari

Birnin Zazzau tsohon gari ne cikin Hausa Bakwai, da ganuwarsa da ƙofofinsa irin su Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona. Kasuwarsa na cikin ganuwa, kuma fatake masu tasowa daga Kano zuwa ƙasar Nupe nan suke yada zango. Mu mazauna Abuja ma muna da alaƙa da wannan birni. Lokacin jihadi Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro shi ya sauka Zuba, ɗan uwansa Abu Ja kuma ya kafa garin Abuja a 1828. Da gwamnatin Janar Murtala ta zaɓi sabon babban birni a 1976, sai aka ɗauki sunan, tsohon garin ya koma Suleja.

Har Turawa suka shigo a 1902, hada-hadar Zariya ta cikin ganuwa ce. Filin da ke hayin kogin Kubanni, inda Sabon Gari yake yanzu, gonaki ne da daji.

Zuwan jirgi

Abin da ya sauya komai shi ne layin dogo. Turawa sun taso da shi daga Baro a bakin Kwara, ya bi ta Zariya ya isa Kano a 1911. Talakawa ne suka haƙa shi da diga da shebur, da yawansu ba da son ransu ba, har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920, ya rubuta Waƙar Diga a kan wannan aiki. Daga nan Zariya ta zama mahaɗa. An ja siririn layi zuwa Jos don ɗauko kuza, aka gama shi a 1914, sannan aka ja wani ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙaurar Namoda a 1929.

Tashar jirgi tana buƙatar direbobi, makanikai, akawu da kafintoci. Akasarinsu daga Kudu suka zo, Yarabawa da Ibo da mutanen Binin, wasu ma daga Saliyo da Gwalkwas, wato Ghana ta yau. Turawa ba su so waɗannan baƙi su zauna cikin birni, sai suka yanka musu fili kusa da tasha, suka fitar da layuka miƙaƙƙu masu gicciye da juna. Shi ya sa har gobe ba a ɓata a Sabon Gari kamar yadda baƙo ke ɓata a lungunan birni, kuma sunayen titunan, kamar Titin Legas da Titin Binin da Titin Yarabawa, suna faɗa maka su wa suka fara zama.

Dokar garuruwa ta 1917 ta ƙara tsaurara rabon. Bature yana Bariki, an bar fili na yadi 440 babu gini tsakaninsa da baƙar fata. Ɗan birni yana cikin ganuwa ƙarƙashin Sarki. Ɗan Arewa baƙo an nufe shi da Tudun Wada. Sai dai abin da aka tsara a takarda bai zauna daidai a ƙasa ba. Tun farko Hausawa da Nufawa sun cika Sabon Garin Zariya, lebura da ɗan dako da mahauci da mai awo, domin inda ciniki yake nan mutum yake bi.

Auduga, taba da kanti

Ba don fasinja Turawa suka kashe kuɗi a layin dogo ba. Masaƙun Lankasha a Ingila suna neman auduga, kuma ƙungiyar bunƙasa noman auduga da aka kafa a Manchesta a 1902 ta sa ido a kan ƙasar Zazzau da kudancin Katsina. Ta kafa injin gurzar auduga a Zariya, aka shigo da irin Amurka mai suna Allen, sannan a 1922 aka buɗe tashar binciken aikin gona a Samaru. A Kano gyaɗa ce ta ƙwace jirgin, amma a Zariya da Funtuwa auduga ta riƙe kambunta shekaru da dama.

Manyan kamfanonin Turawa suka jera kantunansu kusa da tasha: John Holt, G.B. Ollivant, UAC, da Paterson Zochonis, wanda har yau ake kiran wurin da sunansa, PZ. Kwarori ma suka buɗe nasu. Da kaka ta yi, manomi zai sayar da audugarsa ya karɓi kuɗi, kafin ya koma ƙauye ya bar rabinsu a kanti da kasuwar Sabon Gari: atamfar amarya, gishiri, kananzir, fitilar ƙwai, kwanon sha, wanda ya samu da yawa ya hau sabon keke. A 1959 kamfanin taba ya buɗe masana'antarsa a Zariya, ganyen taba ya zama wani amfanin gonar da ke kawo kuɗi gari.

Wannan ita ce ƙa'idar da ta gina unguwar. Gona ta noma, Sabon Gari ya auna ya sarrafa ya ɗora a jirgi, kuɗin ya zaga cikin gari kafin ya fita.

Zaman cikin kasuwa

Wanda bai zauna can ba yakan ɗauka Sabon Gari kasuwa ce kawai. Tsarin tsofaffin gidajen shi ne shago a gaba, zaure ko siririn lungu a gefe, ɗakuna a jere a baya, rijiya a tsakar gida. Mai shago a gidan yake kwana. Tela da mai gyaran agogo da malamin makaranta da direban jirgi suna haya a gida ɗaya, matansu suna girki a madafa ɗaya. Yaron da ya tashi a irin wannan gida yakan ji Yarabanci da Ibo ba tare da an koya masa ba, 'ya'yan maƙwabta kuma Hausa ce a bakinsu kamar jakin Kano.

Abinci ma haka ya gauraya. Da asuba mai ƙosai da koko da mai waina sun fito, mai shayi ya hura wuta ya jera burodi. Da rana ga tuwon shinkafa da miyar taushe, layi na gaba ga amala da sakwara. Da magariba masu tsire da balangu su kunna fitila, hayaƙi ya cika titi har jirgin dare ya iso. Masu ci ba su yanke ba, domin garin ya yi ta samun sababbin baƙi: kuratan soja a Dafo tun 1924, ma'aikatan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962, da masu koyon tuƙin jirgin sama daga 1964. Sana'ar abinci ta Zariya ta yi ƙarfin da har ta biyo mu nan, domin gidan abinci na Shagalinku da muke zuwa a Abuja daga Zariya ya faro.

Zaman yana da nasa wahalar. Hayaniya ba ta ƙarewa, kwata takan toshe da damina, ƙarancin ruwan famfo ya daɗe yana damun Zariya, kuma wanda gidansa ke jikin kasuwa da fargabar gobara yake kwana. Mafi muni shi ne rikici. A 1966, da 1987, da bayan zaɓen 2011, an zubar da jini ko an ƙona dukiya a Zariya, kuma kowane karo sai wasu iyalai sun kwashe kayansu ba su dawo ba. Dattawan unguwa har yau suna ba da labarin maƙwabcin da ya ɓoye maƙwabcinsa a ɗaki har ƙura ta lafa. Wanda kuka sha ruwan rijiya ɗaya shekara ashirin, da wuya ka miƙa shi.

Yadda ciniki ya kauce

An rufe layin Jos a 1957. Manyan motoci suka riƙa ƙwace kaya daga hannun jirgi, har tashar ta koma kusan kufai. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, manomin auduga ya rasa tabbataccen farashi. Masaƙun Kaduna suka bi juna suna rufewa, babbar cikinsu, UNTL, ta tsaya a 2007. Aikin taba ya karkata Ibadan. Kasuwar Sabon Gari ba ta mutu ba, kullum cike take, amma yawancin abin da ke kan teburanta yanzu daga Legas da Kano da ƙasar Sin yake zuwa.

Gonakin kuwa ba su daina ba. Masara tana fita daga Giwa da Anchau, rake da mazarƙwaila daga Maƙarfi, tumatir da barkono daga fadamun Galma, ga kuma inabin Kudan. Bambancin shi ne yanzu a bakin gona ake lodi, mota ta kama hanyar Kaduna da Abuja.

Abin da inabi ke nema

Noman inabi ba na mai gaggawa ba ne. Sai an kafa turaku, an ja waya an yi masa rumfa, ana ban ruwa, ana aske rassa a kan lokaci. Idan kuma ya nuna ba ya jira. Manomin da ba shi da ɗakin sanyi dole ya sayar a farashin da ɗan kasuwa ya yanka, ko ya zuba ido kayansa su lalace.

A Afirka ta Kudu akwai wani gari mai suna Stellenbosch, kusa da Cape Town, wanda aka kafa a 1679. Kamar Zariya, tsohon gari ne mai jami'a, gonakin inabi sun kewaye shi. Akasarin inabinsu giya ake yi da shi, wannan kuwa ba hanyarmu ba ce. Abin dubawa shi ne sun bar tsofaffin gidajensu a tsaye, suna gyara su, mutane na kwana a ciki, shaguna da gidajen abinci na aiki a ƙasa, kuma ana sarrafa amfanin gonar a yankin. Shi ya sa mai saye yake tasowa ya zo wurinsu. Mu ma inabi yana da hanyoyin halal: a ci ɗanye, a matse ruwansa, a busar da shi ya zama zabibi. Kowanne yana buƙatar sito, wuta, ma'aikata da shago, irin abubuwan da aka gina Sabon Gari dominsu.

Tun 2016 jirgi ke zirga-zirga tsakanin Abuja da Kaduna, kuma a 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layi daga Kaduna zuwa Kano, wanda zai bi ta Zariya. Idan Allah Ya sa aka gama, gidan da ake taya maka yau ba haka darajarsa za ta tsaya ba.

Kira ga masu gidan gado

Ba wanda zai hana magada raba haƙƙinsu, kuma wani lokaci sayarwa ita ce maslaha. Amma a yi shawara da 'yan uwa kafin a amsa wa dillali. Wanda zai sake gini ya bar shago a gaba, ɗakunan kwana a baya ko a sama, domin layin da ya zama shaguna zalla, ƙarfe shida ake kulle shi, mai shayi da mai tsire su tashi, ya zama maɓoyar ɓata-gari. Masu hali a cikinmu su duba haɗa jari a kafa ɗakin sanyi ko ƙaramin injin matsa a Zariya, maimakon duk kuɗinmu su ƙare a filayen Kubwa da Lugbe.

Sannan a adana tarihi. Tsohuwar takardar fili, rasiɗin kanti, hoton kaka a bakin tasha, duk kada a zubar. Wanda ke da dattijo a raye ya zauna da shi ya naɗi muryarsa a waya, ya tambaye shi su wa suka zauna a layinsu, wace sana'a suka yi, ina suka koma. Wanda ya samu wani abu ya kawo wa sakatariya mu haɗa wuri guda. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da Zazzau da Abuja da Nijeriya lafiya.

Wassalam.
Sakataren Ƙungiya