Waliyyan Katsina: Ɗan Takum, Ɗan Marina da Ɗan Masani

Waliyyi, a wurin malaman Musulunci, shi ne bawan Allah mai imani da taƙawa, wanda wani lokaci akan ga karama ta bayyana a hannunsa. Birnin Katsina ya shahara da malamai uku da jama'a suka ba wannan matsayi.

Na farko a zamani shi ne Ɗan Takum. Riwayar Katsinawa ta nuna cewa shi ne Muhammadu bin Ahmad Attazakhti, almajirin Shehu Almagili, wanda ya yi karatu a Masar da Makka, ya riƙe alƙalancin Katsina, ya rasu wajajen 1529.

Ɗan Marina, wato Muhammadu Ibnus Sabbag, ya rayu a ƙarni na 17. Ya wallafa waƙar Larabci mai suna Mazjaratul Fityan, wadda take kwaɗaitar da matasa neman ilimi. A maƙabartar da ke ɗauke da sunansa aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Mayu na 2010.

Ɗan Masani, wanda asalin gidansu Barno ne, an haife shi a 1595, ya rasu a 1667. Cikin littattafansa akwai Annafhatul Ambariyya, sharhin Ishiriniyar Alfazazi, da wani littafi a kan ƙasar Yarabawa. Unguwar Masanawa tana riƙe da sunansa har yau. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambaci shi da Ɗan Marina a cikin Infaƙul Maisuri.

Girmama waɗanda ake ganin sun kai ga kamala abu ne da ake samu a wasu al'ummomi, ko da yake aƙidu sun sha bamban. Tamilawan kudancin Indiya, masu bin addinin Hindu, suna ƙirga siddha 18, irin su Agastya da Tirumular, suna jingina musu baiwa ta ban mamaki da ilimin magani.

A Katsina, ziyarar kaburburan waliyyai batu ne da mabiya ɗariƙu da 'yan Izala suka saɓa a kansa. Abin da ba a jayayya a kai shi ne iliminsu. Sai dai labaran karamominsu sun fi yawo a bakin jama'a fiye da littattafansu, waɗanda galibi suke nan a rubutun hannu, suna jiran masu adanawa, fassarawa da bugawa kafin gara da damina su cinye su.