Jos, Birnin Kuza a Kan Tudu

Yau za mu duba tarihin Jos, babban birnin Jihar Filato. Wanda ya tashi daga Zadawa ko Azare, ya ratsa Bauchi da Toro, zai ji iska ta sake, gama Jos yana kan tudu mai tsawon wajen mita 1,200.

Tun kafin a san sunan Jos, Birom da Anaguta da Afizere, waɗanda Hausawa ke kira Jarawa, suna zaune a wurin suna noman acca. A zamanin jihadi Yakubu ya kafa Bauchi, Malam Zaki kuma ya kafa Katagum, amma dawakin sarakuna ba su iya mallakar yawancin mutanen dutse ba. Turawa ne suka ci ƙasar da bindiga. Sun kama Bauchi a 1902, daga nan suka hau tudu suna bin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya.

Me suke nema? Kuza. Hausawan Liruwe sun daɗe suna narkar da kuza suna sayarwa, Turawan Kamfanin Neja kuwa suka bi sawu har Naraguta. Nan da nan kamfanoni suka cika wurin. Jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, na Fatakwal kuma a 1927. A 1926 aka kafa Lardin Filato, Jos ya zama hedkwatarsa. Hausawa da Fulani da Barebari da Ibo da Yarbawa suka zo, waɗansu lebura, waɗansu ciniki.

Kada mu manta da abin da aka biya. An haƙe gonakin 'yan ƙasa, aka bar musu ramuka da tafkuna da har yau suke nan. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, gwamnati ta kwashi dubban talakawa daga lardunan Arewa ta kai su haƙar kuza dole. Ana kiran wannan diban gwamna. Mutanen da suka saba da zafin ƙasa irin tamu suka tarar da sanyi da ƙarancin abinci, da yawa kuwa ba su koma gida ba.

Masu aikin bishara ma sun zauna a wannan tudu. Mishan ta SIM ta mai da Jos cibiyarta, ikilisiyar ECWA da ta fito daga cikinta a 1954 tana da hedkwata a can. A 1959 aka buɗe makarantar tauhidi a Bukuru. Hausa ce ta zama harshen kasuwa da na sujada ga kabilu masu yawa.

Bayan 'yancin kai, Jos ya zama babban birnin Jihar Binuwai-Filato a 1967, sa'an nan na Jihar Filato a 1976. Jami'ar Jos ta tsaya da ƙafarta a 1975. Amma cinikin kuza ya yi ta raguwa, a 1985 farashi ya faɗi warwas a kasuwar duniya. Aiki ya ƙare, mutane kuwa suna nan, da 'ya'ya da jikoki da ba su san wani gari ba.

Daga nan gardamar nan ta yi zafi: wane ne mai gari, wane ne baƙo? Jini ya zuba a 1994, da Satumba 2001, da Nuwamba 2008, da Janairu 2010. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002. Unguwannin da dā suke gauraye suka rabu, Kirista gefe, Musulmi gefe.

'Yan'uwa, tarihi ya nuna mana cewa wani ya ba da gonarsa, wani ya ba da ƙarfinsa, kafin Jos ya zama birni. Wanda ya ƙi sanin hasarar maƙwabcinsa ba zai iya zama lafiya da shi ba. Bari mu koya wa 'ya'yanmu labarin duka biyu, mu kuma roƙi Allah ya ba birnin nan salama.