Yadda Jami'a Ta Sauka a Samaru

Tun kafin a fara zancen jami'a a Jihar Arewa, Samaru ta riga ta zama mazaunin masu bincike, domin a shekarar 1922 ne Turawan Ma'aikatar Gona suka kafa tasharsu a can, a gefen hanyar Funtuwa, nesa da ganuwar birnin Zazzau, suka duƙufa ga gwajin irin auduga da gyaɗa da dawa. Saboda haka sa'ad da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya tsaya tsayin daka sai Arewa ta sami jami'ar kanta, har Allah ya nufa aka buɗe ta ran 4 ga Oktoba, 1962, da ɗalibai 426 a ƙarƙashin Dokta Norman Alexander, wannan tasha ta gona tana cikin abin da ta gada, tare da gine-ginen Kwalejin Fasaha da Kimiyya da makarantar koyon mulki ta unguwar Kongo.

Ɗalibin wancan zamani, in ya sauka daga jirgin ƙasa da akwatinsa na ƙarfe, sai ya bar Sabon Gari a baya, ya ratsa gonaki har ya isa inda ba shi da abokin hira sai littafi da ɗan ɗakinsu, shanun Fulani na kiwo a bakin rafin Kubanni, hunturu kuwa na busowa ba abin da ke tare shi. Lalle malamanmu na dā sun san hikimar wannan kaɗaici, shi ya sa suke fita da gardawa ƙauye su kafa tsangaya ta zana da kara, don hadda ba ta jituwa da hayaniyar kasuwa. Sai dai almajiri daga hannun mutanen ƙauye yake ci, ya san sunan kowace uwar gida, alhali ɗan jami'ar wancan zamani, wanda ake dafa masa a ɗakin cin abinci, yana iya gama digirinsa bai taɓa taka ƙauyen Bomo ba, ga shi kuwa a maƙwabtaka. A ganina malaman gona ne suka fi kowa sauke haƙƙin maƙwabcin nan, tun da su ne suka riƙa bin ƙauyuka da ingantaccen iri suna zama da manomi a gindin bishiya.

Da jami'a ta kafu, mutanen karkara kuma suka shigo neman aikin masinja da kuku da gadi, kasuwar Samaru ta bunƙasa, gidajen haya suka yawaita, har gine-gine suka cinye mafi yawan gonakin da ke tsakanin unguwar Kwangila da ƙofar jami'a.