Wuraren kamun kifi a arewacin Najeriya

Najeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 850, amma dukkanta a kudancin ƙasar take.

A arewa, masunta sun dogara ne ga koguna da tafkuna da madatsun ruwa da kuma fadamu.

Zariya da kewaye

A Zariya, kogin Galma ne babban wurin su. An datse shi domin samar wa birnin ruwan sha, ragowar ruwansa kuma yana gangarawa zuwa kogin Kaduna.

Kogin Kubanni, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta datse a Samaru, yana ratsawa tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada, ba nisa da unguwar Gyallesu, kafin ya faɗa cikin Galma.

Masu fatsa kan zauna a bakin gaɓa da sassafe ko da yamma, suna sa tana a ƙugiya. Akasari tarwaɗa da karfasa ake samu.

Sai dai shara da ruwan kwatami da ke kwarara cikin Kubanni suna gurɓata shi.

Argungu

Wurin da ya fi suna shi ne Matan Fada a Argungu, jihar Kebbi.

An fara bikin kamun kifi na garin a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta ƙarfafa sulhu tsakanin Kabawa da Sakkwato.

Dubban masunta ne ke faɗawa ruwa a lokaci guda da homa da gora, wanda ya kama giwan ruwa mafi nauyi shi ne zakara.

A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gargajiya na duniya. An sake gudanar da shi a 2020 bayan kimanin shekaru goma da dakatarwa.

Kainji da Tafkin Chadi

Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta haifar da babban tafki a kan kogin Kwara, inda Sarkawa da sauran masuntan yankin Yawuri ke su da taru da kwale-kwale.

A Borno, Baga ta daɗe tana aika bandar kifi zuwa kasuwannin kudu.

To amma Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya ja baya ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980.

Harin da Boko Haram ta kai Baga a watan Janairun 2015 ya tarwatsa masunta da dama.

Barazana

Da damina kifi ke shiga fadamu ya hayayyafa, a kama shi idan ruwa ya janye.

Shi ya sa madatsun Tiga da Challawa, waɗanda suka rage ambaliya a dausayin Haɗeja da Nguru, suka shafi masuntan can. Ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa.

Masana na gargaɗin cewa taru mai ƙananan idanu da zuba guba a ruwa suna hallaka 'ya'yan kifi tun ba su girma ba.

Kifin da ake kamawa a cikin gida bai wadatar da ƙasar, saboda haka Najeriya tana shigo da daskararren kifi daga ƙasashen waje.