Yadda dogon yaro ya gaji gawo a Gaweye

Cikin labarun da tsofaffi ke bayarwa kan asalin sunan Yamai akwai guda da ya rataya ga icce. Sun ce Mawri da suka sauka bakin kogin Isa sun zauna gindin wani icce da ake kira Nya, daga nan wurin ya zama Nya-me, kuma iccen yana tsaye ne wajen da otel Gaweye yake a yau. Wasu zuri'o'in suna da nasu labarin daban, ba mu shiga wannan gardama. Abin da ya ja hankalinmu shi ne gari guda ya ɗauki sunansa daga iccen ƙasa, amma yau in ka bi layukan unguwarmu kana ƙirga itatuwa, kusan duka icce guda za ka yi ta ƙirgawa: dogon yaro.

Tsohuwar Gaweye tana cikin unguwannin farko na Yamai, tare da Maourey da Kalley da Zongo, tun kafin Faransawa su ɗauke babban birni daga Damagaram su maido shi nan a 1926. An buɗe gadar Kennedy a 1970. Zamanin Seyni Kountché, da kuɗin uranium suka shigo, aka tashi unguwar don a gina otel da Palais des Congrès, aka ƙetarar da mutane Harobanda. Wanda aka bai wa sabon fili tsirara, ga ranar Yamai bisa kai, ba ya tunanin tsuntsu. Inuwa yake nema, kuma da sauri.

To, a nan dogon yaro ya yi wa kowa fintinkau. Asalinsa ƙasar Indiya ne, zamanin Turawa ya shigo Afirka ta Yamma. Yana jure fari, yana girma cikin 'yan shekaru, ba ya da ƙaya, ɗacinsa na rage masa ɓarnar dabbobi. Da gwamnatin Diori Hamani ta fara Ceinture verte a 1965 don tare wa birni iska da ƙura, tsawon wajen kilomita 25 da faɗin kilomita guda, kimanin hekta 2,500, shi aka fi dasawa. A 1975 ƙungiyar CARE ta fara jera shi a kwarin Majiya, wajen Buza, don kare gonaki daga iska. A wannan shekarar kuma aka haɗa ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, da sallar dashen icce. Duk wanda ya yi lakwal a ƙasar nan ya san ranar: ga manya, ga shebur, ga ɗan icce cikin baƙar leda. In ka duba ledar, sau da yawa dogon yaro ne ko turare, don su pepiniyar ke rainawa.

Ba mu zagin dogon yaro, wallahi. Ƙarƙashinsa muke ɗaurin aure, ƙarƙashinsa fada ke shan shayi, jemagu da wasu tsuntsaye ma suna cin ɗiyansa. Mangwaro da zogale su ma baƙi ne, kuma babu mai cewa a sare su.

Tambayar ita ce me ya sa itatuwanmu na gado suka ja baya. Fari na 1973 da na 1984 sun kashe da yawa, gatarin masu icen wuta ya ƙarasa saura. Amma doka ma tana da hannu. Tun dokar daji ta Faransawa ta 1935, wadda dokarmu ta 1974 ta bi sawunta, manomi ya ɗauka icce na gwamnati ne ko da cikin gonarsa ya tsiro. In ya sassabe reshen gawo ma'aikatan Eaux et Forêts na iya cin sa tara. To mutum ya ga icce zai zama masa rigima, sai ya tsige shi tun yana ƙarami. Alhali a Damagaram har gobe ana ba da labarin Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, da horo mai tsanani da ya aza wa mai saran gawo. Sarkin ya san abin da kowane manomi ya sani: gawo na zubar da ganye da damina, hatsi ya samu rana da taki, sannan ya yi kore da rani lokacin da komi ya bushe.

Wannan sabon hali nasa shi ne ribar namun dawa. Gawo na fure bayan damina, sa'ad da zuma ba ta da wurin zuwa. Furen na jawo ƙwari, ƙwari na jawo tsuntsaye, don galibin ƙananan tsuntsaye da tsutsa da ƙwari suke ciyar da 'ya'yansu, ko da su kansu tsaba suke ci. Shi kuwa dogon yaro ganyensa na ɗauke da sinadarin da ke hana ƙwari ci, shi ya sa kakanninmu ke sa shi cikin rumbu. Abin da ke kare wake cikin rumbu shi ne ke rage wa tsuntsu abinci bisa reshe.

Malam-buɗe-littafi ya fi kowa tsirfa. Kowane iri da ganyen da tsutsarsa ke ci, ba ta yarda da wani. Farin nan mai baƙin zane a gefen fiffike, wanda kan taso da yawa lokaci guda, kan anza da jiga yake ƙwai. Mai launin ja-ja da ɗigon fari a bakin fiffike, tumfafiya ce gidansa, tumfafiyar da muke tugewa muna cewa ciyawar kufai ce. Cilakowa kogon tsohon icce take buƙata, inda macen za ta shiga a toshe bakin da laka sai 'yar kafa, namijin yana miƙo abinci. Magarya da kurna da aduwa da kanya da ɓaure kowanne da lokacin ɗiyansa, shi ya sa unguwar da ke da su ba ta rasa kukan tsuntsu rani da damina. Masu kiranmu a rediyo da suka manyanta sukan tambaya ina shamuwar da ke sheƙa cikin gari tana shelar damina. Shamuwa dogon icce mai ƙarfin rassa take so, kusa da mutane.

Maganin bai fito daga Yamai ba. Daga gonakin Maraɗi ya fito. A 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM, bayan ya gaji da dashen da ke mutuwa, ya lura cewa 'yan kurmin da ke tohowa cikin gonaki kututturan tsofaffin itatuwa ne masu rai, saiwarsu na can ƙasa. Sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sassabe saura. Manoma suka sa masa suna sassaben zamani. Yunwar 1984, wadda ake ce wa El Buhari, ta sa mutane da yawa suka gwada, daga baya maƙwabci ya koya daga maƙwabci. Bayan shekara ashirin masu bincike suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram da kewaye, mafi yawansu ba wanda ya dasa su, ba wanda ya ba su ruwa. Dokar daji ta 2004 ta zo ta ƙara wa manomi ƙarfin gwiwa kan iccen gonarsa. Ko raƙuman dawa na Kure, kilomita 60 daga nan, da suka ragu zuwa 49 a 1996 sannan suka haura 600, ganyen gawo da danginsa masu ƙaya ne babban abincinsu.

Mu kuwa a birni Ceinture verte tana ta zaizayewa, gini da bola sun ci wani babban sashe nata, kuma duk shekara ana maganar sake dashe. In an zo dashen, me za a sa cikin ramin? Haka nan a gidajenmu. Gaskiya ne gawo ya yi wa tsakar gidan Gaweye girma, ƙaya ba ta jituwa da yara marasa takalmi, ruwan tumfafiya kuwa mugu ne ga ido, sai a nesanta ta. Amma magarya guda a lungun katanga ba ta tsare wa kowa hanya. Anza ba ta wuce tsawon mutum da yawa. Farfajiyar lakwal, bayan masallaci, gefen maƙabarta, duk suna iya ɗaukar aduwa ko tsamiya. Kasko da ɗan ruwa a watan Afrilu ya ishi kurciya.

Irin ma ba saye ake ba. Masu garka a bakin kogi sun sani: duk inda aka zuba takin awaki, bayan ruwan farko sai 'yan gawo da bagaruwa su ɓullo, don ƙwayarsu mai tauri ta fi tsirowa in ta bi ta cikin dabba. Hauya ce ke ɗauke su tare da ciyawa. Wanda ya gane ganyen ya kewaye guda da tsohon kwando har ta fi ƙarfin akuya.